Shekara Goman da Ɗantala Ya Bari a Kotu

Duk wanda ya zauna a unguwar Bolewa ta Potiskum ya san Malam Abdulrahim, ko da bai san sunan ba, don tun yana saurayi Ɗantala ake kiransa, kuma ga alama da sunan zai tafi. Dogo ne baƙi mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da in kun gaisa sai ka koma gefe kana yarfe yatsu. Da gangan yake matse hannun mutane. In ya ga ka fara ɓata fuska, a lokacin ne zai tsaya yana tambayarka lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da aka haifa jiya, bai kuwa sake ka ba.

Mutumin Gadaka ne. Ya shigo Potiskum a saman motar gyaɗa a shekarar da aka fara yaƙin basasa, gemu bai tsiro ba, Hausar ma da ƙyar yake haɗa ta, sai Bolanci. Ya sauka a zauren wani Bakano mai sayen hatsi, Alhaji Muhsin, ya fara dako a kasuwa. Da ƙashinsa ya yi ƙwari sai ya koma kara, inda ake loda shanu a manyan motoci zuwa Kudu, a nan ne kuma ya yi suna. In sa ya turje ya ƙi hawa mota, masu igiya sun ja, masu sanda sun buga, an rasa yadda za a yi, sai a ce a nemo Ɗantala. Yakan zo ba gaggawa, ya murɗe wutsiya, ya sa kafaɗa, sai ka ga san ya haye yana huci. Shekara ashirin ya yi yana wannan aiki duk Laraba. Ya fita da tabon ƙaho a cinya, da kuma wani tabbaci da ya zauna masa a rai cewa Allah bai yi namiji kamarsa a garin ba.

Alhaji Muhsin yana da ɗa guda da bai gaji kasuwanci ba, Abdulsalam, wanda unguwa ke kira Salamu Tela. Siriri ne, gajere, mai yawan mura, tun da ya taso bai ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba. Shi da Ɗantala sun shaƙu tun a zauren nan. Daga baya suka sayi fili jere da juna, katanga ɗaya ta raba su, matansu, Kellu ta Ɗantala da Ummuhani ta Salamu, suna miƙa wa juna gishiri da garwashi ta samanta. Salamu ya kafa kekensa na ɗinki a zaurensa, keken ƙafa, don bai taɓa yarda da mai lantarki ba. Duk rigar da Ɗantala ya sa tun daga ta angonci, shi ya ɗinka ta. Ɗantala yana sonsa so na gaskiya, amma irin son da mutum ke yi wa wanda ya tabbata ya fi shi a komai.

Da Yobe ta samu jiha aka buɗe ofisoshi, sai wani ya nemo wa Ɗantala aikin masinja a wata ma'aikata. Aka raɗa masa cewa wanda ya doshi arba'in ba a cika ɗaukarsa ba, in ma an ɗauka, ba zai daɗe ba za a ce ya je ya huta. Sai ya yi abin da mutane da yawa suka yi a lokacin. Ya shiga kotu yana da shekara talatin da tara, ya yi rantsuwa, ya fito da takarda yana da ashirin da tara. Sauran da suka yi haka sun mai da abin wasa, in sun haɗu suna zolayar juna. Ban da Ɗantala. Shi ya riƙe ƙaryar da hannu biyu. Furfura na fitowa yana askewa. Duk katin da aka yi masa daga baya, na zaɓe da na ɗan ƙasa, wannan shekarar ya bayar. Ya taɓa shaƙe wani abokin aikinsa mai suna Abbas a ƙofar ofis don kawai ya ce in aka bi takarda, Ɗantala yana ɗan shekara goma sha biyu ya haifi babbar 'yarsa Sharifa.

Salamu, da ya fi kowa sanin gaskiya, bai taɓa tona shi ba. Abu ɗaya ya yi, ya daina ce masa Yaya. Ya ce ba zai iya girmama wanda kotu ta mayar ƙaninsa ba. Ɗantala ya yi dariya a lokacin, don a ganinsa girma ba a baki yake ba, a damtse yake.

Shekara biyu bayan ya yi ritaya, wata Juma'a bayan la'asar, mai unguwa ya tsai da mutane a ƙofar masallaci. Ya ce wasu masu bincike daga wata jami'a sun zo, suna son su gano abin da ke sa wasu tsofaffi su tsufa da lafiyarsu, wasu kuma su kwanta tun da wuri. Suna neman dattawa 'yan shekara sittin da biyar zuwa sama da za su ba da kansu. Ba albashi, ba tilas. Za a duba hawan jini da sukari da ido, a gwada tafiya, a gwada ƙarfin hannu, a kuma riƙa dawowa duk bayan wata shida don a ga yadda jiki ke canzawa. Nan da nan wuri ya ɗauki surutu, wannan na cewa jini za a kwashe, wancan na cewa ai ko ba komai an duba mutum kyauta. Ɗantala bai ji komai ba cikin duk bayanin sai ƙarfin hannu.

Ranar Litinin da safe ya sa kaftani mai faɗin hannu, wanda za a iya naɗewa har kafaɗa. Ya leƙa zauren Salamu ya ce ya tashi ya raka shi. Salamu ya ce yana da ɗinki, kuma shi ba ya son allura. Ɗantala ya ce ai ba wanda zai taɓa shi, kallo kawai zai je ya yi. Da ƙyar ya taso shi daga kan keke.

A barandar ƙaramin asibitin unguwa suka tarar da layi. Wata matashiya mai farin hijabi da tabarau, Malama Ramlat, ita ke rubuta mutane. Ɗantala ya miƙa mata katin ɗan ƙasa yana kallon wani ɗan ƙarfe mai hannun matsawa da ke kan teburinta. Ta duba katin, ta ɗan yi lissafi, ta ɗago kai da murmushi.

"Baba, ai kai da sauranka. Sittin da biyu gare ka. Sai nan da shekara uku, in Allah Ya kai mu."

Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, amma kowa a barandar ya ji. Kalma ɗaya ta isa ta gyara komai, kuma ta zo har bakinsa. Sai dai mutum na uku a bayansa Abbas ne, wanda ya shaƙe shekarun baya, ya dogara da sanda, ya zuba masa ido yana jiran abin da zai ce. Ɗantala ya haɗiye maganar. Ya karɓi katinsa, ya ce shi dama ba don kansa ya zo ba, tsohon nan ya rako. Malama Ramlat ta juya ga Salamu ta ce to Baba ya kawo nasa. Sittin da bakwai. Ta tambaye shi ko ya amince, ta karanta masa takarda a hankali, Salamu ya waiwayi Ɗantala kamar mai neman izini, sannan ya dangwala yatsa.

Awa biyu Ɗantala ya yi a kan benci a waje. Da Salamu ya fito, ga auduga a gwiwar hannu, ga kati mai hotonsa, ga wani baƙin abu kamar agogo a wuyan hannunsa, wai yana ƙirga duk takun da mutum ya yi. Tun kafin su bar harabar Ɗantala ya tambaye shi ko an ba shi ƙarfen ya matsa. Ya ce an ba shi. Me ta ce? Ya ce ta ce ma sha Allah. Ɗantala ya yi tsaki a cikinsa. Ma sha Allah a kan hannun da bai taɓa riƙe igiyar akuya ba.

Daga ranar zaman majalisa ya canza. A ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar masallaci, inda dattawa ke zama bayan la'asar, an saba jin labarin san da ya tsinke igiya ya bi dillalai, da wanda ya soki Ɗantala a cinya. An ji su sau ɗari amma ana saurara, don babu wani sabo. Yanzu ga sabo ya zo. Kowa so yake ya taɓa agogon Salamu. Ana tambayarsa ko yana ƙirga takun alwala, ko yana sanin in mutum ya hau keke Napep. Salamu, da a da sai ya yi wuni bai ce uffan ba, ya zama mai bayani. Yana cewa Malama ta ce a rage gishiri, Malama ta ce tafiya magani ce, Malama ta ce kada tsoho ya zauna shi kaɗai. Ɗantala ya fara labarin kara wata rana, bai kai tsakiya ba wani ya katse shi yana tambayar Salamu ko ƙafar da ke kumbura alamar hawan jini ce.

Abin bai tsaya a waje ba, har cikin kwanon tuwonsa ya biyo shi. Ummuhani ta gaya wa Kellu ta saman katanga abin da Malama ta ce, Kellu ta rage gishiri da ɗanɗano a miyar kuka. Ɗantala ya kai loma ɗaya ya ajiye. Da ya ji dalili sai ya ce shi a gidansa ba tela ne zai tsara masa miya ba.

Sannan mota ta fara zuwa. Farar mota mai rubutu a ƙofa, ta tsaya a ƙofar Salamu, yara suka kewaye ta. Masu binciken suna son ganin abin da yake ci, da inda yake kwana, da yadda yake wuni. Ɗantala ya samu kansa yana gyaran ƙyauren da bai lalace ba. Da suka shiga ciki sai ya koma tsakar gida ya zauna jikin katanga, wai inuwa yake bi. Yana jin komai. Yana jin Malama Ramlat na tambayar Salamu yadda aka yi ƙafafunsa suke da ƙarfi haka, Salamu yana cewa wataƙila keken ɗinki ne, shekara hamsin yana taka shi, ita kuma tana dariya tana rubutawa. Tana rubutawa fa. Taka keken ɗinki ya zama abin da ake sa wa a littafi a kai jami'a, shi kuma da ya tura shanu dubu cikin mota, ba wanda ya tambaye shi ko sunan garinsu.

Kishi ne, ba shi da wani suna. Da wani ne can a Fika ko a wata unguwa aka ɗaukaka haka, da Ɗantala bai ko kula ba. Abin da ke cin ransa shi ne Salamu ne, wanda ya goya, wanda ya tare wa faɗa, wanda shi da kansa ya janyo daga kan keke ya kai wurin. Yana kwana da abin yana tashi da shi. In ya ji ƙarar keken ɗinki ta katanga, sai ya ji kamar a kansa ake takawa.

Daga nan ya fara abin da bai kamaci mai shekarunsa ba, ko na kotun ko na gaskiyar. Ya koma cikin masu cewa jinin tsofaffi ake kwashewa. Ya ce agogon nan leƙen asiri ne, duk inda mutum ya shiga ana gani. Har mutum biyu ya hana zuwa, ɗaya kuwa mai ciwon sukari ne da bai sani ba sai daga baya. Da Babbar Salla ta matso, ya ɗauki shaddarsa ya wuce ƙofar Salamu ya kai wa wani tela a bakin kasuwa. Ranar idi ya fito da ita. Salamu ya dubi wuyan rigar sau ɗaya, ya ce barka da salla, bai ƙara komai ba.

Kellu ce ta faɗa masa a fuska, tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce shekara hamsin tana tare da shi, ta ga fushinsa, ta ga taurin kansa, amma ba ta taɓa ganin yana ƙyashin mutum ba sai yanzu, kuma abin bai yi masa kyau ba. Ya ce ƙyashin me, me Salamu yake da shi? Ta ce yana da shekarunsa cikakku, bai bar ko ɗaya a kotu ba. Ɗantala ya ɗauki hularsa ya fita.

Bayan wata shida masu binciken suka tara dattawa a ƙofar mai unguwa don su yi godiya, su kuma faɗi abin da suka fara gani. Ɗantala ya ce ba zai je ba, sannan ya je ya tsaya can baya. Aka ce Salamu ya tashi ya yi magana a madadin waɗanda suka ba da kansu. Ya tashi cikin farar riga, ya ce shi bai taɓa zaton tsufansa zai amfani wani ba. Aka yi ta sa masa albarka. Mai unguwa ya ce ga dattijon da unguwa za ta yi alfahari da shi. A nan ne Abbas ya juyo da sandarsa, ya nemo Ɗantala da ido, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ku yara sai ku yi koyi da manyanku. Aka yi dariya, har da mai unguwa.

Washegari da safe Ɗantala ya tafi asibitin shi kaɗai. Ya jira sai da baranda ta watse, sannan ya zauna gaban Malama Ramlat ya ce mata katin nan ƙarya yake yi. Ya yi zaton za ta zaro ido. Ko a jikinta. Ta ce shi ne na goma sha wani abu da ya zo mata da wannan magana, shi ya sa suke da wata takarda ta abubuwan da suka faru a ƙasa, da ita suke kimanta shekarun wanda kati bai faɗi gaskiyarsa ba. Ta tambaye shi ina yake lokacin da motoci suka koma bin hannun dama. Ya ce yana dako a kasuwar hatsi, ya ga yadda direbobi suka yi ta ruɗewa a hanyar Kano. Lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira fa? Ya ce a shekarar ya auri Kellu. Ta rubuta, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce saura abu ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce sai an samu mutum guda da ya san shi tun ƙuruciya ya ba da shaida a gabanta da wakilin mai unguwa.

Iyayensa sun rasu, tsararrakinsa na Gadaka sun ƙare, abokan dakonsa duk sun riga shi. Ya juya lissafin ta kowace fuska, mutum ɗaya yake fitowa.

Kwana uku yana wuce zauren Salamu yana dawowa. A na huɗu da hantsi ya shiga, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kuwa manta rigar telan bakin kasuwa ce a jikinsa. Salamu yana kan keke, zare a baki.

"Tela, ka san shekaruna."

"Na san na kotu."

"Na gaskiyar nake nufi. Sun ce sai da shaida."

Salamu ya tsai da keken. Ya daɗe yana kallonsa, daga hula har ƙasa, sannan ya ce wuyan rigar nan ya karkace, in ya cire ya aiko a gyara. Ya ce gobe ma ranar komawarsa ce a sake gwada shi, sai su tafi tare.

A gaban Malama Ramlat da wakilin mai unguwa da duk wanda ke barandar, har da Abbas, Salamu ya ba da shaida ba tare da ya yi masa ko ɗan ba'a ba. Ya ce ranar da wannan mutum ya sauka a zauren mahaifinsa, shi yana ɗan shekara goma, bai fara cika azumi ba, Ɗantala kuwa yana ɗaukar buhun gero shi kaɗai. Ya ce da kunama ta harbe shi, Ɗantala ne ya goya shi ya kai shi wurin mai magani. Ya ce Yayansa ne da shekara biyar, kuma bai taɓa shakkar haka ba ko rana ɗaya. Malama Ramlat ta soke sittin da biyu ta rubuta saba'in da biyu. Abbas ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ba wanda ke kallonsa, ya rufe. Ɗantala ya ji ƙirjinsa ya buɗe. An mayar masa da girmansa a bainar jama'a, saura ya nuna musu ƙarfin.

Aka miƙo masa ƙarfen. Ya naɗe hannun riga, ya matsa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Malama Ramlat ta dubi lambar, ta gyara tabarau ta sake dubawa, ta ce lallai Baba ya yi aikin ƙarfi a rayuwarsa. Ya tambaye ta shi da Salamu wa ya fi. Ta ce ba a faɗin sakamakon wani ga wani, kuma wannan ba gasa ba ce. Bai damu ba, ya ga fuskarta.

Sai ta jawo wata kujerar katako marar hannu. Ta ce ya zauna, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar ba tare da ya dafa komai ba. Ɗantala ya kusa yin dariya. Ya tashi na farko. Na biyu gwiwa ta yi ƙara. Na uku ya tashi da nishi. A na huɗu jikinsa ya ɗago rabi ya tsaya, cinyoyinsa na rawa, kafin ya ankara hannunsa ya sauka ya dafa gwiwa. Bai san ya yi shekaru yana tashi da taimakon hannu ba, don hannun bai taɓa gaya masa ba. Ya ce a sake. Aka sake, bai wuce uku ba.

Aka kai shi wani layi da aka ja da alli a ƙasan baranda, aka ce ya yi tafiya daga nan zuwa can da saurin da zai iya. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta danna agogo ta rubuta.

"Sannu Baba. Ga mai shekarunka, ka yi ƙoƙari."

Ga mai shekarunka. Shekarun da ya zubar da mutuncinsa ya karɓo, su ne aka fara yi masa uzuri da su.

Ya zauna a benci yana mai da numfashi aka kira Salamu. Ɗantala ya so ya kau da kai, ya kasa. Telan ya rungume hannuwansa ya tashi ya zauna sau biyar kamar wasa, ko numfashinsa bai canza ba. Da aka kai shi layin alli, sai ya wuce fit, rigarsa na kaɗawa. Ɗantala ya bi shi da ido baki buɗe. Shekara hamsin da 'yan kai suna zuwa masallaci tare, suna zuwa jana'iza da ɗaurin aure tare, bai taɓa ganin Salamu yana tafiya haka ba.

Suka kamo hanyar gida, kowa da baƙin agogonsa a hannu. Rana ta ɗaga. Suna tafe kafaɗa da kafaɗa kamar kullum, amma yau Ɗantala yana lura. Ya ga Salamu ya tsaya gyara takalmin da bai kwance ba. Ya ga ya tsaya gaisawa da mai rake fiye da yadda gaisuwar ke bukata. Ya ga yadda yake yanka takunsa gajere-gajere, yana satar kallon ƙafar abokinsa. Da suka kai gindin wata tsamiya Ɗantala ya ja ya tsaya.

"Tun yaushe kake jira na a hanya?"

Salamu ya ce shi bai gane ba, ai tafiya suke yi. Ɗantala ya maimaita tambayar, bai ɗaga murya ba. Salamu ya dubi ƙasa.

"Tun kafin ka yi ritaya, Yaya. Ya kai shekara huɗu."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Duk watannin nan yana ƙyashin agogo da mota da dariyar Malama, ashe abin da Salamu ya fi shi da shi ya daɗe a wurin, yana ɓoye masa don kada ya ji ciwo. Ya ji kishin ya taso masa sabo, ya fi na da zafi, don wannan karon ba shaidar da za ta karɓo masa abin da yake so.

"Wuce," ya ce. "Yi tafiyarka."

Salamu ya ce haba, ai sun kusa gida. Ɗantala ya ce in har Yayansa ne kamar yadda ya faɗa a gaban mutane, to ya wuce. Salamu ya juya ya tafi, da farko a hankali, daga baya ƙafar ta koma irin tafiyarta. Ɗantala ya bari ya ba shi baya, sannan ya bi shi da duk ƙarfin da ya rage masa, yana cije leɓe, yana jefa ƙafa. Farar rigar Salamu tana ƙara nisa. Kafin ya kai kwanar masallaci ta ɓace masa, ya tsaya ya dafa katangar wani gida har numfashinsa ya dawo.

Ko da ya iso ƙofar gida, Salamu ya riga ya buɗe zaure ya hau keke, har ya kusa gama hannun wata riga.